Busar Baƙo, Kiɗan 'Yan Gida: Faifan Yusuf Latif na Zariya

A shekarar 2019 wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje mai suna Key System Recordings ya sake buga wani faifan garmaho da ya fara fitowa a Najeriya a 1983. Sunan faifan Hikima. Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ce ta fitar da shi tun farko, kuma abin da aka buga a lokacin bai taka kara ya karya ba, shi ya sa masu tara faya-fayan jaz suka daɗe suna nemansa ruwa a jallo. Jagoran aikin Ba'amurke ne baƙar fata, Musulmi, Yusuf Latif, wanda a jikin kwali ake rubuta sunansa Yusef Lateef. Waɗanda suka yi masa kiɗa da amshi kuwa 'yan ƙasar nan ne. Faifan da aka haifa a gidanmu, da hannuwan mutanenmu a ciki, ya sake fitowa duniya, mu kuwa ko a jikinmu.

An haifi Latif a Chattanooga ta jihar Tennessee a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta yana matashi. Ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie, daga baya ya yi da Charles Mingus da Cannonball Adderley. Babban makaminsa saksofon ne, amma abin da ya fitar da shi daban cikin tsararsa shi ne kwaɗayin kayan busa na wasu al'ummu: sarewar gora, da obo wadda 'yar'uwar algaitarmu ce, da na Indiyawa da Larabawa da mutanen Sin. Faifansa Eastern Sounds na 1961 a kan wannan kwaɗayi ya ginu. A 1975 ya yi digiri na uku a Jami'ar Massachusetts, bincikensa a kan ilimin Musulunci da na Turawa. A 1981, yana da shekara sittin da 'yan kai, sunansa ya riga ya kai ko'ina, ya tattara ya zo Zariya a matsayin babban mai bincike a waccan cibiya, bai koma ba sai 1985. Ya duƙufa a kan sarewar Fulani, ya kuma rubuta littafin Hausa Performing Arts and Music tare da Ziky Kofoworola, wanda ya fito a 1987. Ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93.

Faifan haɗin gwiwa tsohuwar al'ada ce a jaz. Kamfani ya haɗa gwanaye biyu a sutudiyo, a ga abin da zai fito. Na Ella Fitzgerald da Louis Armstrong na 1956, da na Duke Ellington da John Coltrane da aka naɗa a 1962, har gobe ana sake buga su. Sai dai irin waɗannan ba su da wata wahala ta asali, domin mutanen biyu a gida ɗaya suka tashi, kunnensu ɗaya. Wahalar tana wurin reshen da ya miƙo Afirka.

Lokacin da ƙasashenmu ke karɓar 'yanci, baƙaƙen Amurka sun juyo da hankalinsu nan. Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A wannan shekarar Randy Weston ya naɗi Uhuru Afrika. Ranar 24 ga Janairun 1962 mai kiɗan ganga Art Blakey, wanda shi ma ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi Ibn Buhaina, ya tara makaɗa a sutudiyon Rudy Van Gelder da ke New Jersey, suka yi wa kamfanin Blue Note faifan The African Beat. Cikinsu akwai ɗan Najeriya Solomon Ilori, akwai kuma Latif da kansa. Faifai ne mai daɗi, ina jinsa ina ƙarawa. Amma a yini ɗaya aka yi shi, a garin mai gayya, da kuɗin kamfanin mai gayya, kuma 'yan Afirkan da ke ciki su ne waɗanda aka samu kusa a New York. Afirka ce ta je baƙunta, aka ba ta tabarma, ta yi abin da aka roƙe ta, aka sallame ta.

Bayan shekara ashirin sai mutum ɗaya daga cikin waccan tawagar ya juya tafiyar. Shi ya zama baƙo. Ya sha ƙurar hunturun Samaru shekara huɗu, yana zuwa aiki tare da makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo na cibiyar. Wannan bambanci na masauki shi ne, a ganina, ya raba Hikima da ɗan'uwansa In Nigeria da yawancin faya-fayan da ke ɗauke da sunan Afirka a goshi. An naɗi In Nigeria a Legas a 1983, kamfanin Landmark ya fitar da shi a Amurka a 1985. Ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗensa sunansa "Drama Village", wato dandalin wasan kwaikwayon nan na ginin ƙasa da ke cikin jami'ar, inda ɗalibai ke zama a kan dakali suna kallo.

To me ke faruwa a kunne idan saksofon ya tsaya gaban ganga irin tamu?

Waƙar baka ta Hausa tana da gindi, tana da ɗiya. Makaɗi ya kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe, shi kuma ya tafi ya ƙago ɗa nan take, ya wasa wannan, ya zambaci wancan, ya dawo gindi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana fayyace wannan tsari a rubuce-rubucensa. Ginin jaz ma kusan haka yake: a busa karin da aka amince da shi tare, kowa ya fita shi kaɗai ya ƙago nasa a kansa, a dawo a rufe da shi. Kira da amsa na nan a duka biyun. Wannan kamanni shi ke ruɗar mutane su ɗauka haɗa su abu ne mai sauƙi.

Inda suka rabu shi ne wurin da ƙirƙira take zaune. A wajenmu a baki take. Mamman Shata zai daɗe a kan kiɗan kalangu da bai sauya ba sai ɗan kaɗan, ba kuma wanda zai ƙosa, saboda kunne na kan magana: wa zai ambata, wane habaici zai sako, yaya zai karya kalma ta zauna a kan kari. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya riƙe jama'a shekara da shekaru, ba don yawan sautin kuntigi ba. A jaz kuwa magana kaɗan ce, wani lokaci babu ita sam. Ƙirƙira tana bakin ƙaho, kuma ƙahon yana tafiya ne a kan jerin sautukan da fiyano da babban gogen tsaye ke shimfiɗa masa, suna sauyawa daga gaɓa zuwa gaɓa. Idan aka haɗa su, kowa sai ya yi asarar abin da ya dogara da shi. Mai busa ba shi da shimfiɗarsa, mai ganga ba shi da mawaƙin da yake bi.

Yawancin masu haɗin gwiwa ba sa yarda su yi asarar komai. Sai su taho da fiyanonsu da komai nasu, a sa ganga a gefe ta zama ado. Latif ya yarda ya yi asara. A In Nigeria busa ce da ganguna da murya. Ya ajiye shimfiɗar da ya yi shekara arba'in yana takawa, ya tsaya a kan abin da makaɗan suka ba shi. Mai saurare zai ji yadda yake taƙaita numfashi, ya faɗi 'yar jimla ya dakata, ya bar wa ganga fili. Wanda ya san sarewar makiyayi zai gane inda aka koyo wannan. Kara ne mai 'yan ƙofofi kaɗan, ana karkata shi a gefen baki, iska na tsiyaya ta gefe tana ba sautin ɗan kaushi, kuma mai busa ba ya da sautuka da yawa, don haka gwanintarsa tana wurin jujjuya 'yan kaɗan ɗin nan da lanƙwasa su. Mutumin da zai iya zuba sautuka ɗari cikin daƙiƙa kaɗan ya zaɓi ya yi magana da biyar. Wannan ladabi ne na ɗalibi, kuma ina girmama shi saboda shi.

Amma akwai asarar da ba shi ya yi ba, mu muka yi, kuma ban gane zurfinta ba sai a Anacha. Wata rana da daddare a teburin mai shayi, can wajen Bida Road inda mutanenmu suke, na kunna wa wani dattijo mahauci kiɗan a waya. Ya ajiye kofinsa, ya karkato kunne, yatsunsa na ɗan taɓa benci. Ya saurara har ya ƙare, sannan ya ce, "Ɗana, hannun na gida ne, babu shakka. To amma wa ake yi wa?"

Na ce, "Baba, ba kowa. Kiɗa ne kawai."

Ya ce, "Allah Sarki." Ya ɗauki kofinsa.

Tambayar dattijon nan ta fi sharhi da yawa da na karanta. A ƙasar Hausa kiɗa yana da mai shi. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na fada, garaya ta maharba da 'yan bori. Ganga tana magana, tana kiran taken mutum, shi kuma ya ji tsikar jikinsa ta tashi ya sa hannu a aljihu. David Ames da Anthony King, a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, sun kasa bayyana kayan kiɗa ba tare da bayyana sana'a da sarauta da bikin da kowanne ke bi ba, don a haɗe suke. Makaɗin da jami'a ta ɗauka aiki ya samu albashi da mutunci irin wanda al'ada ta daɗe tana hana maroƙi, kuma ba don haka ba da wannan haɗuwa ba ta yiwu ba. Sai dai gangarsa ta koma yin kari zalla, ba ta kiran kowa. Baturen da ke sauraro ba zai san an rasa wani abu ba. Bahaushe zai sani. Shi ya sa nake ganin faya-fayan nan biyu nasara ce babba ta fuskar jaz, ta fuskar kiɗanmu kuwa rabin hanya suka kai. Da an samu wanda zai tsaya da baki a tsakiya, irin Shata ko Ɗanƙwairo, Latif na amsa masa da ƙaho a matsayin ɗan amshi, da an ji abin da ba a taɓa ji ba. Duka biyun suna raye a 1983, kuma jami'ar nan ce ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Sai batun sake bugawa, wanda shi ma ya zama sana'a mai zaman kanta. Faifan roba ya farfaɗo bayan kowa ya yi masa sallar gawa. A Amurka a 2022 an sayar da kusan miliyan 41, sidi kuma miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce sidi tun 1987. Mai sake bugawa na gaskiya yakan nemo tef na asali, idan ya ɓace a nemo kwafi mafi lafiya a wanke shi a ɗauko sautin, a gyara, a sassaƙa sabuwar uwa, a buga a roba mai nauyi. Yakan nemi mai haƙƙi ya biya, ya sa a rubuta tarihin aikin a cikin kwali. Wannan rubutun na cikin kwali shi ne sau da yawa yake zama tarihin da duniya za ta riƙe.

Ba inda wannan sana'a ta yi haƙa a Najeriya kamar Legas da Gabas. Anacha gari ne na faifai: a nan kamfanin Rogers All Stars ya fitar da "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga a 1976, a nan kuma kamfanin Tabansi yake da sutudiyo. Daga 2019 kamfanin BBE na Ingila ya shiga sake buga kayan Tabansi, har da Palaver na Ebo Taylor ɗan Gana, wanda aka naɗa a 1980 tef ɗin ya kwanta kusan shekara arba'in ba a fitar ba. A Inugu William Onyeabor ya yi nasa faya-fayan da kansa, ya bar waƙa ya koma kasuwanci da addini, sai ga kamfanin Luaka Bop ya tattara su a 2013, sunansa ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2017. Fatakwal tana tinƙaho da Rex Lawson. Duk wannan ya faru a garuruwan da Hausawa suka yi fiye da ƙarni suna fatauci da zama, har Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Masu haƙar tsofaffin faya-fayai sun bi shago-shago a waɗannan garuruwa, amma abin da suka fito da shi kusan duka na jita ne da ƙaho.

Dalili ɗaya a fili yake. Mai saye a Landan ko Tokiyo yana son abin da zai taka rawa da shi ko da bai ji kalma ɗaya ba. Waƙar da duk daɗinta ke cikin magana ba ta shiga wannan kasuwa. Ko da kamfanin Sahel Sounds ya juyo wajenmu a 2013, abin da ya buga shi ne Harafin So, tarin waƙoƙin fim masu kiɗan fiyano, da kiɗan Mamman Sani na Nijar da ya yi da na'ura a 1978. Ayyuka ne masu kyau, amma zaɓi ne na kunnen da ke neman abin da ya yi kama da nasa. Hikima ma, in za a faɗi gaskiya, sunan Latif ne ya dawo da shi. Da makaɗan nan su kaɗai suka yi faifan, da yana nan kwance.

Dalili na biyu namu ne, kuma yana da ciwo. Ba wanda ya fi mazaunin zango buƙatar waƙar da aka naɗa. Wanda ke Katsina zai iya zuwa biki ya ga makaɗi da idonsa. Mai sayar da shanu a Inugu, ko mai albasa a bakin kogin Anacha, ko mahauci a Fatakwal, a da rediyon Kaduna da garmaho su ne suke kawo masa gida. Kamfanin EMI ya buga faya-fayan Shata da Ɗanmaraya, kuma irin waɗannan mutane na cikin masu sayensu. To ina faya-fayan? Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe mutanenmu daga Gabas, sai bayan yaƙi aka dawo aka fara daga tushe. A watan Fabrairun 2006 aka sake yin wata tarzomar a Anacha, aka rasa rayuka, aka ƙone masallatai. Mutumin da ya san wata rana zai iya fita da rigar jikinsa kaɗai ba ya tara abin da ke fashewa. Wanda bai ƙone ba kuma zafi ya lanƙwasa shi, damshin Fatakwal ya cinye kwalin.

Dama can faifai bai taɓa yi wa waƙarmu daidai ba. Tsohon faifan nan mai gudu 78 kusan minti uku yake ɗauka a kowane gefe, babban da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 kuma minti ashirin da ɗoriya. A ce wa makaɗin fada ya gama da sarki da kakanninsa da 'yan majalisarsa cikin minti uku, kamar a ce wa tela ya fitar da babbar riga daga yadi biyu ne. Da kaset ya zo sai kowa ya rungume shi, don yana da tsawo, yana da araha, yana shiga aljihu, ana kuma iya kwafa. Yau a kowace unguwar Hausawa a Gabas za ka tarar da yaro da kwamfuta a kan tebur yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Narambaɗa na nan, Haruna Uji na nan, Barmani Choge na nan. Waƙa ba ta mutu ba, kuma wannan abin godiya ne. Amma kwafi ne na kwafi, sauti ya dushe, ba shekarar da aka naɗa, ba wurin, ba sunan mai kalangu ko ɗan amshi ko ɗaya, wani lokaci ma sunan waƙar ba daidai ba. Mun riƙe murya mun saki tarihi, mai sake buga faifai kuwa tarihin yake sayarwa tare da muryar.

Ba ina kira a koma garmaho ba ne. Kuɗin sabon faifai ɗaya daga waje zai ciyar da gida kwanaki, kuma allurar ma sai an yi odarta. Abin da ya kamata mu ɗauka daga sana'ar shi ne ɗabi'arta: a nemo asali, a tsabtace sauti, a rubuta wa ya yi me, yaushe, a ina, a biya magada. Ames ya naɗi makaɗan Zazzau a shekarun 1960. Gidan rediyon tarayya na Kaduna ya daɗe yana naɗar manyan makaɗan Arewa. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suna da malaman da suka rubuta matanin ɗaruruwan waƙoƙi. Kayan aikin a warwatse suke, amma akwai su. Fitowar waƙar Hausa da ta amsa sunanta za ta zo ne da matani a rubuce cikin Hausa, da bayanin wanda aka yi wa ita da dalili, domin amsar tambayar dattijon Anacha ita ce rabin waƙar.

Game da Hikima da In Nigeria kuwa, aikin da ke gaba ƙarami ne kuma na gaggawa. Labarin shekarun nan huɗu daga bakin Latif muke da shi, a tarihin rayuwarsa The Gentle Giant da ya fito a 2006, da hirarrakin da ya yi. Ɓangaren makaɗan shi ne ya kamata a bi: yadda suka ji da wannan dattijo mai ƙaho, abin da ya roƙe su su canja da abin da suka ƙi, take nawa suka ɓoye a cikin kiɗan wanda shi bai ji ba, nawa aka ba su. Wanda yake ɗan shekara ashirin da biyar a 1983 yau ya doshi saba'in. Sunayensu na nan a bayan kwali, sashen nazarin wasan kwaikwayo na jami'ar kuma yana nan a Samaru, ɗalibansa na neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai kowace shekara.